Farfaɗiya da Sitiyari: Wa Za a Hana, Wa Za a Bari?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Kwanakin baya da yamma na tari A Daidaita Sahu, mu uku a baya: ni da wata dattijuwa da jikarta. Direban matashi ne mai fara'a, muna tafe yana ta ba mu labarin tsadar mai. Ana cikin haka sai ya yi tsit a tsakiyar magana. Na leƙa madubi, sai na ga idanunsa a buɗe amma ba hanya yake kallo ba, leɓɓansa na motsi kamar mai tauna goro, hannunsa kuma na kan totur bai saki ba. Keken ya fara karkata. Dattijuwar ta ɗauki salati, ni kuma na dinga dukan kafaɗarsa, ko gezau. Allah ya rufa asiri hanyar ba cunkoso, tayar gaba ta nutse cikin yashin gefen titi, injin ya mutu. Duka-duka bai kai rabin minti ba. Da ya dawo hayyacinsa sai ya waiwayo ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, gyangyaɗi ne." Dattijuwar ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Ni na goyi mai irin ciwon nan, wannan ba gyangyaɗi ba ne." Ya sunkuyar da kai. Can sai ya ce, "Don Allah kada mai keken ya ji. In ya ji zai karɓe makulli, ga shi ko balas ɗin yau ban haɗa ba."

Tun ranar maganar ke cina, shi ya sa na kawo ta zauren nan.

Da yawanmu in an ce farfaɗiya, abin da ke zo mana shi ne mutum ya yanke jiki ya faɗi, yana jijjiga, kumfa na fita a baki. Wannan iri ɗaya ne kawai daga cikin irinta. Ƙwaƙwalwa da saƙonni irin na lantarki take aiki, farfaɗiya kuwa ita ce saƙonnin nan su rikice na ɗan lokaci, kuma abin ya riƙa maimaituwa. In rikicin ya game ƙwaƙwalwa duka, ga faɗuwa da jijjiga. In a wani sashe ya tsaya, mutum na iya ƙura ido kawai, ko ya riƙa murza rigarsa, ya farfaɗo bai san an yi ba. A tsakar gida wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. A kan titi kuwa, mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa goma ke nan ta shafe tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi, har da ɗoriya, ba kowa a sitiyari sai gangar jiki.

To, wanda ya ji wannan lissafi zai ce ai magana ta ƙare, a hana duk mai farfaɗiya tuƙi har abada. Haka duniya ta fara yi ma. Amma ƙasashen da suka daɗe suna tafka wannan muhawara sun bar wannan hanya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba tausayi kaɗai ya sa su ba.

Mu ɗauki Birtaniya, domin dokarta a fayyace take. Hukumar lasisin tuƙi ta can, DVLA, tana garin Swansea. Ƙa'idarta ita ce duk wanda ciwon ya buge dole ya ajiye makulli nan take, kuma shi da kansa zai sanar da hukumar. In ya ɓoye, tarar na iya kaiwa fam 1,000, in kuma ya yi hatsari ana iya gurfanar da shi a kotu. Sai dai ba a rufe ƙofa an jefar da makullin ba. Mai ƙaramar mota ko babur, in ya cika wata 12 cur ciwon bai tashi ba, ko da magani ne ke riƙe da shi, za a mayar masa da lasisinsa. Wanda kuwa sau ɗaya tak abin ya taɓa samunsa, kuma gwajin likitoci bai nuna alamar zai sake dawowa ba, wata 6 zai jira. Har wanda ciwonsa ba ya tashi sai yana barci an yi masa tanadi: in an tabbatar tsawon lokaci cewa a barci kaɗai yake zuwa, ana iya barinsa ya yi tuƙi. A 1970 da aka fara buɗe wa masu farfaɗiya ƙofar tuƙi shekara uku ake jira, daga baya aka rage zuwa biyu, sannan zuwa ɗaya, saboda magunguna sun inganta, kuma an ga cewa wanda ya yi shekara lafiya ƙalau haɗarinsa ya ragu ƙwarai.

Inda ba su da wasa shi ne manyan motoci. Mai neman tuƙa bas ko tirela sai ya yi shekara 10 ciwon bai tashi ba, kuma a shekarun nan goma ba ya shan maganin farfaɗiya ko ƙwaya ɗaya. Dalilin a fili yake. Wanda zai kai 'ya'yansa makaranta ya dawo bai yi awa guda a kan hanya ba, direban haya kuwa wuni yake a kai, wani lokaci ya kwana, ga rayukan mutane a bayansa, ga nauyin mota. Tarayyar Turai ma a 2009 ta ɗauki ma'auni kusan irin wannan: shekara ɗaya ga ƙananan motoci, goma ga manya.

A Amurka kowace jiha da nata. Wisconsin ce ta fara ba masu farfaɗiya lasisi a 1949, yau kuma yawancin jihohi suna neman tsakanin wata 3 zuwa wata 12. 'Yan kaɗan daga cikinsu, irin su Kalifoniya da Pensilbeniya, sun wajabta wa likita ya kai rahoton majinyacinsa ga hukuma. Likitocin ƙwaƙwalwa da yawa ba sa son wannan tsari, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Ranar da majinyaci ya gane cewa duk abin da ya faɗa a ɗakin likita zai ƙare a ofishin lasisi, ranar zai fara cewa "lafiya lau, likita" alhali jiya ya faɗi a banɗaki. Likita bai ji gaskiya ba, bai gyara magani ba, mutumin kuma yana nan kan titi. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Japan ne. Tun 1960 dokar ƙasar ta haramta wa mai farfaɗiya lasisi kwata-kwata, sai a 2002 aka sassauta, aka ce wanda ya yi shekara biyu lafiya zai iya samu. Ranar 18 ga Afrilun 2011 da safe, a garin Kanuma, wata babbar mota mai ƙugiyar ɗaga kaya ta kutsa cikin jerin yara 'yan firamare da ke tafiya makaranta. Shida suka rasu. Direban yana da farfaɗiya, ya ɓoye ta lokacin karɓar lasisi, kuma bai sha maganinsa yadda ya kamata ba. Shekara na zagayowa, a Afrilun 2012, wata mota ta afka wa masu tafiya a ƙasa a unguwar Gion ta birnin Kyoto, mutum bakwai suka mutu, direban ma ya mutu, shi ma daga baya aka gano yana da ciwon. Ƙasar ta girgiza, iyayen yaran Kanuma suka zagaya suna tattara sa hannun jama'a a tsananta hukunci.

Wani zai ce, to ga irinta nan, da ba a sassauta ba da ba a kai ga haka ba. Amma a duba da kyau. Mutumin Kanuma ko a sassautacciyar dokar bai cancanci hawa wannan mota ba. Ƙarya ce ta ɗora shi a kai. Shi ya sa da Japan ta zo gyara, ba ta koma haramcin da ba. Ƙaryar ta bi: daga 2014, wanda ya ɓoye ciwonsa a takardar neman lasisi na iya shan ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tara, an kuma ba likita damar sanar da hukuma in ya ga majinyacinsa ya ƙi jin magana.

Yanzu mu dawo gida, inda tsugune ba ta ƙare ba. Wanda ya nemi lasisi ta hanyar da ta dace a Najeriya ya san matakan: makarantar koyon tuƙi, gwajin jami'an VIO, sannan ɗaukar hoto da zanen yatsu a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Amma ka shiga tasha ka tari direbobi goma, ka tambaye su wata nawa mutum zai jira bayan farfaɗiya ta kayar da shi kafin ya sake riƙe sitiyari, ka ji ko akwai mai amsa. Balle 'yan acaɓa da masu A Daidaita Sahu da 'yan kabu-kabu, waɗanda da yawansu ko ƙofar ofishin lasisi ba su taɓa takawa ba. Tantancewarsu ɗaya ce, mai abin hawa ya yarda da kai ya miƙa maka makulli.

Kuma a nan ɓoyon ya fi na Japan zurfi, domin ba lasisi kaɗai mutum ke tsoron rasawa ba. Mu ne fa ke darewa in mai farfaɗiya ya faɗi, wai kada yawunsa ya taɓa mu, alhali ba a ɗaukar ciwon nan ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Mu ne ke fasa aure in an ji ƙishin-ƙishin. Mu ne ke cewa iska ce, a yi ta hayaƙi shekara da shekaru ba a leƙa asibiti ba. Ban hana kowa addu'a ba, wane ni. Amma sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da doguwar naƙuda, da shanyewar ɓarin jiki, da buguwar kai, duk sanannun musabbabai ne. Buguwar kan nan ma abin lura ce: ɗan acaɓan da ya ƙi hular kwano yau, ya faɗi kansa ya daki kwalta, yana iya zama mai farfaɗiyar baɗi. Titin da muke tsoron mai ciwon ya hau, shi ke ƙera mana wasu sababbi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da ciwon na tashi ba in sun sami magani daidai. Ta kuma ce a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan zancen. Dokar "shekara ɗaya lafiya" tana da ma'ana ne a inda mutum zai iya sayen ƙwayarsa kullum ba fashi. Phenobarbital da carbamazepine tsofaffin magunguna ne, ba na masu kuɗi kaɗai ba, amma ba sa yafe tsallake. Wanda ya sha na sati biyu ya tsaya sai an yi albashi, ko ya ga ya kwana biyu lafiya ya ce ya warke, ya buɗe wa ciwon ƙofa da hannunsa. Ƙara masa rashin barci na tafiyar dare, ƙara masa tramadol ɗin da wasu ke afawa wai don ƙarfin aiki, wadda ita kanta tana tayar da jijjiga ko ga mai lafiya.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai farfaɗiyar da ciwonsa ke tashi ba shi da hurumin ɗaukar fasinja, ko a tirela ko a keke mai ƙafa uku, kuma ba zan yi kara a nan ba, domin na ga idon jikar dattijuwar nan a ranar. Amma in za mu ce masa sauka, sai mu faɗa masa har yaushe, a rubuce, da adadin da kowane ɗan kamasho zai iya haddacewa. Sai kuma mu nuna masa inda zai tsaya kafin lokacin. A Birtaniya wanda aka hana lasisi saboda rashin lafiya yana da damar samun katin shiga bas kyauta. Mu ba mu da wannan, amma muna da ƙungiyoyin direbobi masu karɓar kuɗin tikiti kullum safiya. Tasha cike take da aikin da ba na sitiyari ba: yankan tikiti, rubuta sunayen fasinja, lodi, kula da saƙo. Shugaban tashar da ya ce wa direbansa, "Sauka ka riƙe littafi, ka je asibiti, kujerarka na nan," ya fi shingen jami'ai goma tsare rayuka. Likitocin ma suna nan, a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Direban namu bai sake tayar da keken ba a ranar. Dattijuwar ce ta kafe, ta ce ba inda za ta sai ya kira wani. Ya kira ƙaninsa, muka zauna a bakin wani shago muna jira, ta sa jikarta ta sayo masa ruwan leda. A nan ya gaya mana wata biyu ke nan rabonsa da magani. Da ƙanin ya iso, shi ya hau gaba, yayan ya dawo baya ya matsa kusa da ni, aka fara sauke dattijuwar a ƙofar gidanta.