"Nebulous": Kalmar da ta fusata Theresa May

Jama'a, ku ji abin da ya faru. Brussels ne, watan Disambar 2018, ana tsaka da rikicin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Firaministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ce ta tare Jean-Claude Juncker, shugaban Hukumar Tarayyar na lokacin, kyamara na ɗauka, tana tuhumarsa da kiranta "nebulous". Shi kuwa ya ce ba da ita yake ba, da muhawarar da ake yi a ƙasarta yake.

Wani zai ɗauka ashar ce, wai ya ce mata maƙaryaciya. Ko kusa.

Tushen kalmar Latin ne, nebula, wato hazo. Jamusawa har gobe Nebel suke ce wa hazo. Ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 14 da ma'anar hazon gaske. Daga baya masana taurari suka laƙaba ta ga duk wani haske dishi-dishi a sama da madubinsu ya kasa rarrabewa. Misali shi ne Andromeda, wani gagarumin tarin taurari. Tun shekarar 964 masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta ta da ƙaramin gajimare. Sai a ƙarni na 19 aka fara jifan magana da kalmar.

To, ga inda ake tuntuɓe. Ku tuna safiyar hunturu, hazo ya sauka, kana hango wani abu a kan titi. Ka san yana nan, amma tirela ce ko bas, ina ya fara, ina ya ƙare, oho. Ƙarya tana da kai da ƙafa, shi ya sa ake kama ta. Magana mai zurfi ma haka, in ka natsu za ka gane. Amma wadda aka ce mata "nebulous", ko kwana ka yi a kanta ba abin da za ka riƙe. Ɗan takara ya ce "za mu inganta rayuwar matasa": nawa za a kashe, yaushe, matasan ina? Ba za ka ce ƙarya ya yi ba, don bai faɗi komai ba. Ni dai ina ganin ta fi ƙarya wahalar sha'ani.

Don haka da shiri, alkawari ko ra'ayi ake haɗa ta, ba kasafai da mutum ba. Ƙarfin furuci a gaɓar farko yake: NEB-yu-las.

Na'urar masu asma ɗin nan kuma, nebulizer, danginta ce. Maganin ruwa take mayarwa hazo a shaƙa.