Suga ko Kitse: Yadda Tsoka Ke Zaɓar Abin Ƙonawa

Jama'ar Sakkwato, assalamu alaikum. Abu uku zan kawo. Na farko, tsoka suga da kitse take ƙonawa. Sugan da ta ajiye, gilaikojin, ya kai giram 400 a jikin babba, hanta na riƙe da kamar 100. A numfashi ake gane wanda ke ci: a raba iskar kabon da ta fita da oksijin da jiki ya yi amfani da shi, 1.0 suga ne, 0.7 kitse.

To, na biyu, ga wanda nika so ku riƙe: wani furotin da ke cikin tsoka, PDK4. Na baya, kuna ji? P-D-K-huɗu. Kafin suga ya ƙone sarai cikin maitokondiriya, wato murhun da ke cikin ƙwayoyin tsoka, sai ya bi ta wata ƙofa, sunanta PDH. PDK4 shi ke danna sakata, ya liƙa mata wani sinadari, fosfet, ta rufe. Tun 1963 wani masanin kimiyya, Randle, ya nuna kitse na tare wa suga hanya. Amma dubi wanga abu! Kitsen da kansa, in ya yi yawa, yana kama furotin PPAR-delta, shi ko ya sa a ƙara karanta ƙwayar gadon PDK4. Itacen da ke murhu shi ke aikawa a rufe rumbun gero! Ƙwayar gadon ba ta canza ba fa, na sake faɗi, ba ta canza ba, yawan kwafinta, mRNA, shi ya ƙaru. In za a auna shi, da allura ake ciro tsokar cinya kamar ƙwayar wake, a tsoma ta cikin ruwan naitirojin nan take. In anka yi jinkiri RNA ta lalace, aiki ya tashi banza.

Na uku, PGC-1alfa, furotin da ke sa tsoka ta ƙara maitokondiriya. Yana hawa sa'o'i kaɗan bayan motsa jiki, kafin kwana ya sauka, shi ya sa gudun rana ɗaya ba ya ƙara maitokondiriya. Na'am, Hajiya?

(Tambaya: Malam, mai azumi fa?)

Madalla. Wajen la'asar insulin ya sauka, kitse ya fito jini, PDK4 na hawa, tsoka ta bar wa ƙwaƙwalwa suga, don ƙwaƙwalwa tana cin kusan giram 120 a yini. An sha ruwa da dabino da kunu, insulin ya taso ya zare sakatar. Mai ciwon suga, tasa ba ta zaruwa da kyau. Ya ɗan taka bayan buɗa-baki, don motsin tsoka na fito da GLUT4, mai shigar da suga, ko ba insulin. In kuma allurar insulin yake yi, ya ga likitansa kafin a ga wata.