Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Gani, Ta Zaɓa, Ta Tuna

Kafin mu yi nisa, ina so ku gwada wani abu yanzu-yanzu. Ku miƙa hannuwanku biyu gaba, ku ɗaga manyan yatsu su tsaya gefe da gefe. Ku rufe idon hagu. Da idon dama ku zuba wa yatsan hagu ido, kada ku ɗauke. Sai ku riƙa jan yatsan dama sannu a hankali zuwa dama. Idan tazarar ta kusa taƙi guda, kan yatsan zai ɓace ɓat. Ku ƙara matsawa kaɗan, ga shi ya dawo.

A daidai wurin nan ne jijiyar gani ke fita daga bayan ido, kuma babu ƙwayar kama haske ko ɗaya a gurbin. Wani masani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya gano haka tun cikin shekarun 1660. To amma me ya sa ba mu yawo da baƙin rami a gabanmu, ko da mun rufe ido ɗaya? Saboda ƙwaƙwalwa tana duba abin da ke kewaye da gurbin, ta cike shi da irinsa, ba ta kuma gaya mana ta yi ciko ba.

Wannan shi ne irin abin da ilimin nazarin ƙwaƙwalwa da tunani yake bin diddiginsa: ta yaya ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, a cikin tsokar da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, suke haifar da gani, da lura, da tunawa? Amsar da ta fi ba ni mamaki ita ce, abin da ke shiga ciki kaɗan ne ƙwarai a kan abin da muke jin mun samu.

A bayan kowane ido akwai wani siririn tantani, ratina, mai ɗauke da ƙwayoyin kama haske kimanin miliyan 100. Amma zaren jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa bai wuce miliyan ɗaya da ɗoriya ba. Ke nan tun a cikin ido an fara tacewa. Sannan wurin da yake gani tangaran ɗan ƙanƙani ne a tsakiya, faɗinsa kamar farcen babban yatsanku idan kun miƙe hannu. Duk abin da ke wajen wannan ɗigon dishi-dishi ne. Dabarar ido ita ce tsalle. Yana cillawa daga nan zuwa can kusan sau uku a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa guntayen. Ku tsaya gaban madubi, ku dubi idonku na hagu, sannan na dama. Ba za ku taɓa kama idonku yana motsi ba, alhali wanda ke tsaye kusa da ku yana ganin motsin sarai. Ƙwaƙwalwa ce ke danne gani a lokacin tsallen.

Saƙon kuma ba goshi yake zuwa ba, can ƙeya ake kai shi. A ƙarshen shekarun 1950, David Hubel da Torsten Wiesel, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka saka siririyar waya a wannan sashe na ƙwaƙwalwar kyanwa don su saurari ƙwayar jijiya guda ɗaya. Suka yi ta haska mata ɗigo-ɗigo, ƙwayar ta yi gum. Sai a lokacin da suke zura gilashin da ke ɗauke da ɗigon cikin na'urar haska hoto, inuwar gefen gilashin ta gifta, ƙwayar ta hau harba saƙo ba ƙaƙƙautawa. Ashe layi take jira, layin ma mai wata karkata ta musamman. Wata ƙwayar tana son layin tsaye, wata na kwance, wata sai yana tafiya ta wani ɓangare. Daga irin waɗannan gutsattsarin layuka ake gina fuskar mahaifiyarku da rubutun da kuke karantawa. Aikin ya kai su ga lambar Nobel a 1981.

Daga ƙeya hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta gangara ta gefen kai, ita ke sanin ko mene ne abu. Ɗaya ta haura sama, ita ke sanin inda yake da yadda hannu zai kai gare shi. Akwai wata mata da masu bincike ke kira D.F., wadda hayaƙi mai guba ya lalata mata hanyar da ta gangara. Melvyn Goodale da David Milner suka nuna mata wata tsaga, suka tambaye ta ina ta karkata, ta kasa faɗa. Suka ba ta kati suka ce ta zura, sai hannunta ya juya daidai, katin ya shige. Hannu ya ga abin da mai hannun ba ta gani ba.

To ko abin da ya isa ƙwaƙwalwa lafiya lau, ba duka ne ke kai wa ga saninmu ba. Akwai mai tsaron ƙofa, shi ne hankali.

A 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard suka nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, wasu da fararen riguna, wasu da baƙaƙe. Aka ce su ƙirga sau nawa masu farar riga suka miƙa ƙwallo. Ana tsaka da wasa, wani cikin shigar goggon biri ya ratsa tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Da aka sake nuna musu, wasu suka ƙi yarda cewa bidiyon farko ne. Kada ku ce ai waɗannan ba ƙwararru ba ne. A 2013, Trafton Drew da abokan aikinsa a Boston suka liƙa hoton goggon biri a cikin hoton huhu, suka ba likitoci 24 masu ƙwarewa a duba irin wannan hoto su nemi ƙullin ciwo. Guda 20 ba su lura da shi ba, kuma na'urar bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun dubi wurin kai tsaye. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma akwai gaskiya a ciki, amma gani ba ya tabbata sai hankali ya rufa masa baya. Ni dai tun da na san wannan, ba na ɗaukar tuƙi ana magana a waya ƙaramin abu. Idon direban na kan titi, amma mai ganin ya tafi wani wuri.

Haka abin yake a kunne. Colin Cherry a 1953 ya sa wa mutane magana biyu daban, ɗaya a kowane kunne, ya ce su bi ɗaya. Daga baya ba su iya faɗin abin da aka ce a ɗaya kunnen ba. Amma Neville Moray ya nuna a 1959 cewa idan aka ambaci sunan mutum a kunnen da ya yi watsi da shi, kusan ɗaya cikin uku sukan ji. Ke nan abin da aka ƙyale ba a toshe shi gaba ɗaya ba, an dai rage masa murya.

Idan kuna son ganin ƙarfin hankali, ku dubi wanda ya rasa rabinsa. Wasu da suka samu shanyewar ɓarin jiki ta ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, idanunsu na aiki, amma hagu ta fita daga duniyarsu. Mutum ya aske rabin gemu, ya zana agogo ya cusa dukkan lambobin a dama. A 1978, Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti suka ce wa irin waɗannan marasa lafiya biyu a birnin Milan na Italiya su ƙiyasta a ransu suna tsaye a babban dandalin garin, suna fuskantar babban cocin da ke bakin dandalin, su lissafa gine-ginen da ke wurin. Suka lissafa na dama, suka tsallake na hagu. Sai aka ce su ƙiyasta sun juya, suna tsaye a ƙofar cocin suna kallon dandalin. Nan take suka zayyana waɗanda suka tsallake ɗazu, suka bar waɗanda suka faɗa. Dandalin duka yana nan a ajiye cikin kansu, hankalin da zai leƙa hagu ne babu. Gani da lura da tunawa, igiya ɗaya ta ɗaure su.

Ajiyar farko da abu ke shiga ƙarama ce, ta ɗan lokaci, irin wadda kuke riƙe lambar waya da ita kafin ku rubuta. George Miller a 1956 ya ce tana ɗaukar abu bakwai ko kusa da haka. Binciken baya, musamman na Nelson Cowan, ya rage zuwa kimanin huɗu.

Yadda abu ke tsallakawa daga nan zuwa ajiya mai ɗorewa kuwa, mutum ɗaya ne ya koya wa duniya mafi yawansa, kuma da rayuwarsa ya biya. Henry Molaison yana da shekara 27 a 1953 lokacin da farfaɗiya ta hana shi sakat. Likitan tiyata William Scoville ya cire masa wani yanki daga cikin gefen ƙwaƙwalwa, hagu da dama, haɗe da mafi yawan wani lanƙwasasshen sashe mai suna hipokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Basirarsa na nan, maganarsa na nan, yana tuna abubuwan ƙuruciya. Amma daga ranar, sabon abu ya daina zama. Za ku gaisa, ku yi hira, ku fita, ku dawo bayan 'yan mintuna, ya karɓe ku kamar bai taɓa ganinku ba. Idan aka ba shi lamba, zai iya riƙe ta muddin yana nanatawa a ransa, da zarar an ɗauke masa hankali ta tafi, har da sanin cewa an taɓa ba shi.

Brenda Milner, wadda ke zuwa daga Montreal ta Kanada don nazarinsa, ta ba shi aiki mai wuya: ya bi layin tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Kowa ya gwada wannan sai hannunsa ya rikice. Cikin kwana uku Henry ya ƙware, alhali kowace rana ba ya tuna ya taɓa yi. A nan aka gane tunawa ba iri ɗaya ba ce. Tuna abin da ya faru daban, tuna sani daban, ƙwarewar hannu kuma daban, kowanne da hanyarsa. Ya rayu a haka har 2008, shekara 55 yana taimakon binciken da ba zai iya tuna ya shiga ba. Ina ganin ya cancanci a riƙa ambaton sunansa da girmamawa.

Saura abin da ya fi shafar mu masu lafiyayyen hipokamfus. Abin da muka ajiye ba ya dawowa yadda ya shiga. Duk lokacin da muka tuna, sake haɗa shi muke yi daga guntaye, kuma sabon abu na iya kutsawa. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na hatsarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin motocin sun ragargaji juna suka ce sama da mil 40 a awa. Waɗanda aka ce wa sun taɓa juna suka ce kusan mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambayi wasu ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashi a fim ɗin. Amma 16 cikin 50 na masu kalmar ragargaza suka ce sun gani, a kan 7 cikin 50 na waɗanda aka ce wa motocin sun bugi juna. Ba ƙarya suka shirga ba, da gaske suna ganin gilashin a ransu.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a kotu. A Amurka, cikin mutanen da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke bayan an ɗaure su, mafi yawansu akwai shaidar gani da ido da ta nuna su bisa kuskure. Saboda haka masu bincike suka matsa a sauya yadda ake ɗaukar bayani: a ji shaida da wuri kafin ya tattauna da wasu, a bar shi ya ba da labari da bakinsa ba tare da an ɗora masa kalma ba, jami'in da ke nuna masa hotuna kada ya san wanda ake zargi, sannan a rubuta iya tabbacinsa tun a karon farko, domin tabbacin yakan ƙaru da yawan maimaitawa ko da abin da ake tunawa bai inganta ba.