Wa ke kiran wa? Haɗa kwamfutocin auna girgizar ƙasa tsakanin Jos da Abuja

Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun bayan bidiyon da muka girka Earthworm, manhajar da ke tattara bayanan girgizar ƙasa, ƙorafi iri ɗaya kuke ta turowa, musamman ɗalibai: komai ya tashi lafiya, amma ko ƙwayar bayani ba ta ƙetara zuwa ɗaya kwamfutar ba. Na duba hotunan allon da kuka turo, kusan kowa a layi ɗaya ya yi tuntuɓe.

A gurguje, saboda wanda yanzu ya shigo. Idan ƙasa ta motsa, igiyar farko tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, ta biyu kusan 3.5. Tazarar isowarsu ce ke ba ka nisa. Amma ainihin wurin, sai ka haɗa bayanan tasha 3 aƙalla. Wanda yake Abuja a Satumbar 2018 da Mpape ta yi ta jijjiga, ko ya ji labarin Kwoi a 2016, ya tuna tambayar da ke bakin kowa: daga ina abin ya taso? Irin aikin da cibiyar nazarin motsin ƙasa ta Toro ke yi ke nan, nan kusa da mu a hanyar Bauchi. Tasha ba ta zama ita kaɗai.

Earthworm kuwa, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ce ta faro shi a 1993. Saƙonni suna zagayawa cikin zobe a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A cikinsa akwai ƙananan manhajoji biyu, export da import: export ya ɗebo daga zoben wannan kwamfutar, import ya zuba a zoben waccan. Ga su a allo: hagu Jos, dama Abuja.

To, yanzu a nutsu.

Bayani daga Jos zai tafi Abuja, don haka export yana Jos. Hankali sai ya ba ka cewa tunda shi ke aikawa, shi zai nemi Abuja. Sai ka zo layin ServerIPAdr a fayil ɗin export ka rubuta adireshin Abuja. Nan ne aka ɓata. Export ba ya kiran kowa. Mai shago ne a Taminus: ya buɗe ƙofa ya zauna, kaya daga wurinsa suke fita, amma mai saye ne ke tattaki ya zo. Adireshin da ke layin nan na kwamfutar Jos ne, ita kanta wadda kake zaune a gabanta. Duba, na goge, na sa nata. Lambar ƙofa kuma, mu ce 16005.

Mu leƙa dama. A fayil ɗin import, layin SenderIpAdr, a nan ne za ka rubuta adireshin Jos, da lambar ƙofar nan dai, 16005. Wato adireshin Jos ya fito sau biyu, na Abuja bai fito ko sau ɗaya ba. Tsayar da bidiyon ka duba naka. In ka ga adireshin Abuja a ɗayan layukan nan biyu, ka gano ciwon.

Wannan ne kuma ke gaya maka inda za ka buɗe katangar tsaro, wato firewall mai tare kiran da ke shigowa kwamfuta. A Jos za a buɗe, don can ake ƙwanƙwasawa. Kuma export ɗaya import ɗaya yake saurara. Kana son ba Kaduna ma? Tayar da wani export ɗin, da wata lambar ƙofa daban.

Saura matsalar da ta fi damun mu a nan gida. Ka ga adireshin nan da ya fara da 192.168? Na cikin ɗaki ne, daga Abuja ba wanda zai same shi. Idan kuma da ƙaramar na'urar intanet mai layin waya kake aiki, galibi ba ka da adireshin da za a kira ka daga waje kwata-kwata, ko ka kwana kana gyaran fayil. Mafita biyu ce: ko ka haɗa kwamfutocin ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya a kan intanet da ke sa su kamar a ɗaki ɗaya suke, ko ka juya kiran. Akwai export mai laƙabin actv, da abokinsa import_pasv. A wannan tsarin Jos ce ke kira, Abuja na jira, bayani kuma yana nan yana tafiya Abuja yadda yake. Kada dai ka gauraya: mai jira da mai jira, har a tashi duniya ba wanda zai ce uffan.

Sai bugun zuciya. Kowane ɓangare yana aika wata 'yar kalma lokaci-lokaci don a san yana raye. Abin da wannan ya aika dole ya zama shi wancan ke jira, harafi da harafi. Lokacin jira kuma ya fi na aikawa tsawo: in ana aikawa duk daƙiƙa 30, a jira 60. Ka sa 30 da 30, da irin intanet ɗinmu, layin zai ta yankewa yana dawowa, kai kuma kana ta zagin kamfanin waya.

Sauran da gudu. GetMsgLogo ke zaɓar abin da zai fita. Na igiyoyi TYPE_TRACEBUF2 ne. Agogon kwamfutoci biyun a saita su, don kuskuren daƙiƙa ɗaya na iya kai ka kilomitoci nesa da inda abin ya faru.

Ni dai a ganina, in igiyoyi kawai kake son rabawa ga mutane da yawa, SeedLink, wani tsarin raba bayanan girgiza daban, ya fi sauƙin kai: ƙofa ɗaya, 18000, kowa ya zo ya ɗiba, in wuta ta ɗauke ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bidiyo na gaba za mu yi a kansa.

Yanzu a sake tayar da duka biyun. A Abuja, buga sniffwave, umarnin da ke nuna igiyoyin da ke shigowa, a kan zoben. Ga layuka nan suna gangarowa, ga sunan tasharmu ta Jos a farkon kowanne. In naka allon shiru, buɗe fayil ɗin rahoton import tukuna, ka ga ko ya ma samu shiga ƙofar.