Kada ku gurje fomika har katako ya fito

Assalamu alaikum, jama'a. Tun ranar da na sa hoton akwatin gem ɗin nan, irin babban nan mai talabijin a ciki, da nake shirin sake wa fenti, tambaya ɗaya ke ta shigowa: "Malam, ba injin gurza za ka sa masa ba har katako ya fito?" Wani bawan Allah ma hoton nasa ya turo min, ya riga ya yi ɓarnar, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ga nawa akwatin nan. Street Fighter II ne, gem ɗin kamfanin Capcom na 1991. A bayan wani shago na tsinto shi nan Jos, kaji na kwana a kansa.

A cire shi daga wuta tukuna. Tsohuwar talabijin ɗin ciki kuwa kada hannunku ya je bayanta, tana riƙe wuta mai ƙarfi ko an kashe ta. Mai gyaran talabijin na kira ya sauke min ita.

Sitikar gefe ba ta da wuyar cirewa. Handiraya, wato na'urar busar da gashi, da tsohon katin ATM. A sanyin Jos leda takan bushe ta riƙa karyewa, sai ka ɗumama ta kaɗan, ka ja a hankali. Hannu ya riƙa yawo, domin zafin da ke sakin gam ɗin sitika shi ne ke sakin gam ɗin da ya riƙe fomikar kanta, wato siririn rufin nan mai santsi da aka manna wa jikin akwatin. Ragowar danƙon, kananzir a tsumma, sannan a bi da sifirit a ɗauke maiƙon.

To, nan ne wurin da ake kuskure. Ku matso.

Kun ga wannan kusurwa da ta ɓantare? Ku dubi fomikar, ba ta fi kaurin farce ba. Abin da ke ƙarƙashinta kuma ba katako ba ne irin wanda kafinta ke ferewa a Kasuwar Katako. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse. Ku ga yadda yake marmashewa a yatsana kamar ƙuli-ƙuli. Bari in ɗiga masa ruwa. Kun gani? Ya shanye. Kafin gobe wurin zai kumbura, kuma ba ya komawa. Fomikar nan ita ta tsare shi shekara talatin da wani abu, in ka gurje ta ka tuɓe masa riga.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne an ce fenti ba ya kama fomika. Gaskiya ne, amma santsinta ne ba ya kamawa. Aikin samfefa ke nan kawai, kashe ƙyalli. Lamba 220 nake amfani da ita, da hannu, an naɗe ta a guntun katako, ba dannawa. Ku kalli ɓangarorin biyu a hasken taga: wannan yana ƙyalli, wancan ya dushe. Da ya dushe, tsaya. In ka fara ganin launin ƙasa-ƙasa na leƙowa, ka wuce gona da iri. A bakin gefe musamman ake cinye ta, don haka can sau biyu uku nake shafawa in ɗaga hannu.

Kuma sai gam ya fita tas kafin samfefa ta taɓa shi. Ga abin da ke faruwa in an yi gaggawa, ta toshe, tana ta mulmula danƙo.

Saura kuma gudu ne. Kusurwar da ta ɓantare, a cike ta da filar masu gyaran jikin mota. A share ƙura. Firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, mai kama santsi, shafi ɗaya. Baƙin fenti da ƙaramar rola, siriri-siriri sau biyu, ni na fi son marar ƙyalli sosai, ya fi kama da na asali.

Hunturu ne yanzu, ƙura ko'ina, shi ya sa a ɗaki na yi fentin, na yayyafa ruwa a ƙasa, na ɗora akwatin kan bulo biyu kada gindinsa ya jiƙe. Mako guda zan bar shi ya ƙeƙashe kafin sabuwar sitika ta hau.