Fodkas: Fitilar bel da ta ƙi mutuwa

Hadiza: Oga Sani, saƙonni sun yi yawa kan ɗan mutumin nan ja mai ɗamara a dashbod. An ɗaura bel, fitila ta ƙi mutuwa, mota sai kuka take.

Sani: Yawanci matsalar tana cikin makullin da ake cusa ƙarfen. Akwai ɗan suwic a ciki, ƙarfe ya shiga ya danna shi, fitila ta mutu. Ƙurar hunturu, ɓawon gyaɗa, lemon da yara suka zubar, duk suna maƙale shi. A hura masa iska wajen mai faci, a fesa maganin wanke wayar lantarki kaɗan, a yi ta sawa ana cirewa. Ban da baƙin mai, datti yake tarawa.

Bala: In kujerar gefe ce fa, kuma ba kowa a kai?

Sani: Akwai na'urar jin nauyi a cikin soson. Ka ɗora buhun shinkafa, mota ta ɗauka mutum ne.

Bala: Ai da gaskiyarta, shinkafa yanzu Hajiya ce.

Hadiza: Gidan gaba ma ya dace da ita.

Bala: A kunna mata AC, a tambaye ta gajiyar hanya.

Hadiza: 'Yan Rod Sefti su nemi lasinta...

Sani: Ku ɗaura mata bel ɗin kawai, ƙarar za ta tsaya. In an wanke makulli fitilar ba ta mutu ba, a leƙa ƙarƙashin kujera. Tura ta gaba da baya yana sassauta soket ko ya tsinka waya. Amma soket mai ruwan ɗorawa na iyabag ne, wato jakar iskar da ke buɗewa in an yi haɗari. Kashe mota, cire kan batir na negetif, jira aƙalla minti 3 kafin hannu ya je wurin. Kuma a bambance, mutum mai ƙwallo a gabansa fitilar iyabag ce, wannan sai an sa wa mota kwamfuta.

Bala: Ƙarfen bogin da ake sayarwa a bakin danja, a cusa a makulli don kashe ƙarar fa?

Sani: Yaudarar suwic ɗin kawai yake yi. Iyabag kuwa an ƙera shi ne don wanda bel ya riƙe, in babu bel fuska ce za ta tare shi yana fashewa.

Hadiza: Da mun so mu taɓa kujerun baya, amma lokaci ya tafi. Bala, gaishe da Hajiya.