Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Me Ya Sa Ba Ya Isa Ga Ƙungiyoyin Unguwa?

Assalamu alaikum. Ka taɓa ganin matasan unguwa sun fito da shebur da baro ranar Asabar da safe suna yashe magudanar ruwa kafin damina ta sauka? Ko dattawa suna zagayawa gida-gida da littafi, ana tara naira ɗari biyu-biyu don a katange maƙabarta? Kusan kowace unguwa a Arewa tana da irin waɗannan ƙungiyoyi na taimakon kai da kai. Amma yawancin wannan aiki, a dokance, na ƙaramar hukuma ne.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa shi ƙarara: kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu, kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, magudanun ruwa da fitilun titi da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Haka kuma ƙaramar hukuma tana da hannu, tare da jiha, a makarantun firamare, yaƙi da jahilci da kiwon lafiya. Ke nan saurayin da ya shiga kwata da takalmin roba, aikin hukuma yake yi kyauta.

To, ina kuɗin? Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44. Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shiga asusun tarayya. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. Daga harajin VAT kuma suna da kashi 35. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, adadin nairar da ake rabawa ya ƙaru sosai, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare.

Sai dai kuɗin ba ya zarcewa sakatariya. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma a nan ne kuɗin yake fara sauka. A nan ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa gidan gwamnati ne ke zaɓa. Abin da ya ragu shi ake turo wa ciyaman. Idan ya biya ma'aikatansa ya sayi man janareto, abin da ya saura ba ya taka kara ya karya.

A wannan lokacin ne sakataren ƙungiyar unguwa yake isowa da takardarsa. Na taɓa raka wani zuwa wata sakatariya. An buga takardar a shagon kwamfuta, mai unguwa ya sa hannu, an haɗa da hoton famfon burtsatsen da ya lalace. Muka zauna a kan benci tun hantsi har aka kira azahar. Da jami'in ya fito, ya karɓe mu da mutunci, ya karanta, sannan ya ce, "Wallahi Malam, babu wannan a kasafin bana. Ku dawo idan kaso ya shigo." Ba ƙarya ya yi ba. Babu shi a kasafi, kuma abin da babu a kasafi sai dai ya fito a matsayin kyauta daga aljihun ɗan siyasa, wadda ake bayarwa gab da zaɓe tare da mai ɗaukar hoto.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Kyauta tana mayar da ƙungiya 'yar amshin shata. Wadda ta karɓi buhun shinkafa bara, da wuya ta buɗe baki bana ta tambayi inda kuɗin ɗakin shan magani ya tafi.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni ba su da ikon riƙe shi, kuma ba za a saki kuɗi ga kantomomin riƙo da aka naɗa ba, sai zaɓaɓɓun shugabanni. Jihohi da dama suka gaggauta yin zaɓe. Aiwatarwa kuwa ta yi tafiyar hawainiya, har ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta sha kokawa a kai.

Ko da kuɗin ya zo kai tsaye, hukuncin bai ce a ba ƙungiyarku ko sisi ba. Sai kun bi ƙofar da ta dace. Ku yi rajista a sashen da ke kula da raya al'umma na ƙaramar hukumarku, idan kuna da hali ku ƙara da ta hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, CAC, wadda ke ba ku damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Kuɗin jama'a a asusun ma'aji na kansa shi ne ya rusa ƙungiyoyi masu yawa, ko da ma'ajin mai gaskiya ne, domin zargi kaɗai ya isa.

Sannan ku san lokaci. Kasafi a ƙarshen shekara ake tsara shi, kansiloli ne ke amincewa da shi. Wanda ya kai buƙata a watan Maris ya makara. Ku zauna da kansilan mazaɓarku tun watan Satumba, da kiyasin kuɗi a rubuce, ku kuma faɗi abin da za ku yi da kanku: yashi da leburanci namu, siminti da rodi na hukuma.

A harkar lafiya akwai ƙofar da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare yana shiga asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu. Kwamitin raya mazaɓa yana da ta cewa wajen kashe shi. Ku tambayi mai kula da asibitin unguwarku su wa ke cikin kwamitin, ku nemi kujera, musamman ga ƙungiyoyin mata, tunda su ne ke kai yara rigakafi.

Kafin ku je, ku duba adadin da ƙaramar hukumarku ta samu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rabon kowane wata a intanet, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ku buga shafin, ku haɗa shi da takardar buƙatarku.